Hannun da ke Bayan Ƙofa

"Gida na huɗu ke nan, Hikma! Na huɗu!"

Ikrama ya doka hular kwanonsa a kan kujerar babur, har masu kiran fasinjan motocin haya na trotro a tashar Race Course ta Kumasi suka waigo.

Hikma ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. "Don Allah rage murya. A gaban shagon Mma muke..."

"Ai so nake ta ji! Me na yi mata? Kullum ina saman rufin mutane ina ɗaura sola, na san gidan da zai dafa mutum, na san wanda zai bar shi ya yi barci. Na unguwar Atonsu mai gilasan nan ni da kaina na ce a'a, don ko kaza aka kulle a ciki sai ta gasu. To sauran fa? Mene ne laifinsu?"



Sau biyu ana ɗaga bikinsu. Mahaifinta, Abdul-Rahaman, magini ne, kuma gini ne ya yi ajalinsa tun tana firamare: wani bene da ake kan ginawa ya rufto masa. Tun daga ranar mahaifiyarta, Mma Mamuna, ta rantse ƴarta tilo ba za ta kwana a ƙarƙashin rufin da ita ba ta aminta da shi ba. Ikrama bai yi gardama ba. Ya shekara yana yawo daga wannan magini zuwa wancan, yana kankare bulo da ƙusa, yana leƙa saman silin, yana tambayar maƙwabta yadda unguwa take idan an yi ruwa.

Amma Mma ba ta duban rufi, ba ta taɓa bango. Duk gidan da aka kai ta, shiga take ta mayar da ƙofar falo ta rufe, ta sunkuya ta kalli ƙasa a bayan ƙofar. Sai ta miƙe ta gyara zaninta ta ce, "A'a." Shi ke nan.

"Me take nema a wurin nan?" in ji Ikrama. "Tururuwa?"

"Ikrama!"

Ya sauke numfashi. Fushin ya fice daga fuskarsa, abin da ya rage ya fi fushin ciwo.

"Baba ya kira ni jiya," ya ce a hankali. "Ya ce in babbar Sallah ta wuce ba a sa rana ba, zai aika a karɓo goron da aka kai gidanku. Ya ce an mayar da mu abin dariya a zango."

"Kai kuma me ka ce?"

"Me zan ce? Na ce ya ba ni dama ɗaya." Ya matso kusa. "Hasken idona, na samu wani gida a bayan unguwar Dichemso. Ban taɓa shiga irinsa ba. Zo ki gani ke kaɗai tukuna, kafin a kai Mma."

"Da yamma?"

"Yanzu. Da yamma kowane gida mutumin kirki ne. Da tsakar rana ake sanin halinsa."

Rana na tsakiya suka isa, kuma an ɗauke wuta a unguwar. Babu rediyo, babu ƙarar injin niƙa, ko akuya ba ta motsi. Gidan na can ƙarshen wani lungu, shi kaɗai, launin jar ƙasa, da farin rufi da ya zubo sosai kamar mutum ya sauke hula har ido.

Ikrama ya buɗe. Hikma ta yi bismilla ta sa ƙafa, sai ta tsaya cak.

Sanyi. Ba irin na na'ura mai cizon ƙashi ba, irin na cikin randa. Gumin da ke wuyanta ya fara bushewa.

"Kin ji ko?" Ikrama na murmushi har kunne. "Babu fanka, babu wuta, babu komai! Taɓa bangon nan. Bulon ƙasa ne da aka matse da inji, zafi ba ya ratsa shi da wuri. Duba tagogin, kowace tana kallon ƴar'uwarta, iska ta shigo nan ta fice can. Bangon yamma kuwa ko taga babba bai yi masa ba. Na hau sama, ya shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon duka, ba rabi ba yadda wasu ke yi. In na ɗora sola ɗan kaɗan, wallahi mitar wuta za ta manta da mu!"

Ya zaro ƙusa daga aljihu ya kankari gefen bango. Ko ƙura ba ta zubo ba.

Hikma ba ta jin rabin abin da yake faɗa. Akwai wani sauti a gidan. Ƙasa-ƙasa yake, yana zuwa yana komawa, kamar numfashin mai barci a ɗakin da ke kusa.

"Akwai wani a ciki?"

"Iska ce. Ga ƙananan ramuka can a ƙarƙashin rufi, ta nan zafi ke fita. Bari in duba famfon baya, ina zuwa."

"Kada ka..."

Ya riga ya fita.

Ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar falon da babu ko tabarma. Numfashin ya ci gaba. Tana jin kamar an tsaya a bayanta ana jira ta waigo, kuma abin da ya fi ba ta tsoro shi ne ba ta ji kamar baƙo ne ba.

Ƙofar falon ta motsa. A hankali, babu wanda ya taɓa ta, ta taho ta rufe kanta. Ƙyas.

Idon Hikma ya sauka ƙasa, daidai inda Mma ke kallo.

A bayan ƙofar, a cikin simintin daɓe, akwai sawun hannu.

Hannun hagu ne na babban mutum, ya nutse sosai. Babban yatsa, da uku a jere. Inda ya kamata ɗan ƙaramin ya kasance, babu komai sai dungu.

Ta durƙusa.

Ta san hannun nan. Shi ne ke ɗaura mata igiyar takalmi, shi ne ke ɓare mata gyaɗa. Injin buga bulo ne ya cinye ƙaramin yatsan tun kafin a haife ta. A gidansu ma akwai irinsa a bayan ƙofar ɗakin Mma, da ƙaramin hannunta a gefe, sai dai an daɗe da jan akwati an rufe wurin, har ta manta.

Amma wancan tsoho ne. Wannan simintin bai ko gama yin fari ba. A damunar nan aka zuba shi.

Ba ta san lokacin da ta ɗora tafinta a ciki ba. Numfashin gidan ya tsaya.

Ta ƙwalla ƙara ta finciki ƙofar ta yi waje da gudu, ta yi karo da Ikrama a baranda.

"Lafiya? Maciji ne? Hikma, yi magana!"

"Wa ya gina gidan nan?"

Ya kawar da kai.

"Ikrama, wa ya gina shi?"

"Wani dattijo ne... Baba Sumana."

Ta sake shi ta ja da baya. Sunan nan ba a faɗarsa a gidansu. Sumana yaron aikin mahaifinta ne a da, kuma ranar da benen ya rufta, shi aka zaro da rai.

"Ka sani, ka kawo ni?"

"Na sani. Na ji tsoro in na faɗa ba za ki zo ba. Amma duk Kumasi ban ga mai aiki irinsa ba, wallahi. Me kika gani?"

Ta kama hannun rigarsa ta ja shi ciki ta nuna. Ya daɗe yana kallo.

"Hannun Babana ne," ta ce. "Babana da aka binne."

"A'uzu billahi... Hikma, masu yatsa huɗu suna da yawa a cikin magina."

"Baba Sumana yatsunsa nawa?"

Ya gaisa da mutumin, ya sani. "Biyar."

Washegari ita ta nemi su fita. Ikrama ya saba cewa ba a auna magini da sabon gida, sai da wanda ya sha damuna da yawa, don haka yana da sunayen gidajen da Sumana ya gina a baya. Da niyyar duba tsagewar bango da yoyo ya tara su. Hikma wani abin daban take son dubawa.

Na farko na wata Hajiya Hamamatu ne mai sayar da tuwon zafi. Ta tarbe su da fara'a, ta zaunar da su a falo mai sanyi irin na jiya.

"Yoyo? Ko ɗigo, ɗana! Fankar nan da kake gani, ado ce. Maƙwabta in zafi ya ishe su nan suke zuwa su baje, kamar gidan ubansu."

"Hajiya," in ji Hikma, "ko zan iya duba bayan ƙofarki?"

Hajiya ta daina dariya. Ta ƙare mata kallo.

"Kin zo gaishe shi ke nan."

Hikma ta tura ƙofar. Yana nan. Yatsu huɗu, gefensa ya yi sulɓi yana sheƙi.

"Jikokina ne suka goge shi haka," in ji Hajiya Hamamatu. "Kullum za su tafi makaranta sai sun sa hannu a ciki. Na hana, na yi faɗa, na gaji. Ƙaramar cewa take wai yana riƙe ta."

"Na wane ne?"

"Na tambayi Sumana, ya ce na maigidansa ne. Na ce ina maigidan? Ya ce yana hutawa. Ni dai ban ƙara tambaya ba."

Gida na gaba ma akwai. Na bayansa ma akwai. Duk an gina su bayan rasuwar mahaifinta.

Na ƙarshe wani bene ne mai fenti ruwan hoda. Tun daga ƙofa zafi ya mare su. Gindin bangon ya yi baƙi da danshi, fentin na ɓarewa, fankoki biyu na juya iska mai zafi. Hikma ta duba bayan ƙofa. Daɓen sumul.

"Sumana?" Mai gidan ya taɓe baki. "Tsoho mai taurin kai! Na ce ya ƙara yashi siminti ya kai, ya toshe ramukan saman nan don ba su da kyaun gani, kawai ya kwashe kayansa ya tafi. Wani na samo ya ƙarasa."

Da suka fito Hikma ta jingina da babur, jiri na ɗibarta.

"Inda aikin ya yi kyau, yana nan," ta ce. "Inda bai yi ba, babu shi. Ikrama... abin da Mma ke nema ke nan."

Ta samu Mma a tsakar gida bayan la'asar tana ninke atamfofin shago. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta.

"Mma, Ikrama ya samu wani gida."

"Allah ya sa alheri. Wa ya gina?"

Hikma za ta iya cewa ba ta sani ba. Ba ta taɓa yi wa matar nan ƙarya ba, ba kuma ta so ta fara a kan gidan da za ta zauna.

"Baba Sumana."

Atamfar ta tsaya a hannun Mma.

"Tashi ki ba ni wuri."

"Mma, ki saurare ni..."

"Na ce tashi! Ubanki ya riga ya fito daga benen, Hikma! Ya fito yana tsaye a titi da ƙafafunsa, ya ji kukan wannan mutumin ya koma ciki! Shi yana yawo yana cin tuwo, ni ina renon marainiya. Shi ne za ki kawo mini sunansa har cikin gidana? In kika shiga gidan da ya gina, ki shiga ba da yawuna ba!"

Hawaye suka zubo wa Hikma. "Za su karɓi goronsu bayan Sallah."

"Su karɓa."

"Ina son shi, Mma."

"Ni ma na so wani."

Hikma ta share fuska da bakin mayafi. Ta ga auren nata yana zamewa daga hannunta, ta ga kuma bayan mahaifiyarta da ya fara rankwafawa. Ba ta iya zaɓar ɗaya ta bar ɗaya.

"Mma, me kike nema a bayan ƙofa?"

Mma ba ta waigo ba. Ta yi magana da wata murya da babu faɗa a cikinta.

"Duk ginin da ubanki ya gama ya yarda da shi, sai ya danna hannunsa a bayan ƙofa. A irin ranar yakan dawo mini da siminti har wuyan hannu, in zuba masa ruwa yana dariya. Ana gobe zai rasu ya dawo hannunsa tas. Ya ce, Mamuna, benen nan ba zan sa masa hannu ba, gobe zan je in kwaso kayana." Ta ja numfashi. "Na san ba zan gani ba. Ba mahaukaciya ba ce ni. Amma in na shiga sabon gida, ƙafata ba ta yarda in fita ban duba ba. In na ga wurin sumul, sai in ji kamar rufin yana saukowa a kanki."

"Na gani, Mma."

"Kin ga me?"

"Hannun Baba. A sabon siminti. Yatsu huɗu."

Mma ta juyo kamar an tsikare ta. "Kada ki yi mini wasa da wanda ke kabari!"

"Wallahi na sa hannuna a ciki."

Mma ta daɗe tana kallon ƙwayar idonta. Sannan ta ture atamfofin gefe.

"Gobe," ta ce. "In na je na ga ƙarya ce, babu ke babu yaron nan har abada."

Da tsakar rana suka je, yadda Ikrama ya roƙa. Lungun shiru kamar shekaranjiya. A gefen gidan wani dattijo siriri yana gyara magudanar ruwa, ƙafarsa ɗaya a karkace. Da ya ɗago ya ga wadda ke fitowa daga tasi, cokalin ginin ya faɗi daga hannunsa. Ya zube a kan gwiwa cikin ƙasa.

"Uwar gida... barka da zuwa."

Mma ta wuce shi kamar ta wuce tulin yashi. Ta hau baranda, ta ɗaga hannu ta tsayar da Hikma da Ikrama, ta shiga ita kaɗai.

Ba ta kai ga taɓa ƙofar ba. Ƙofar ta taho da kanta ta rufe a bayanta. Ƙyas.

Hikma ta damƙi bakin rigar Ikrama. Babu motsi daga ciki. Sai numfashin nan kawai, yana zuwa yana komawa ta ramukan rufi.

"In shiga?" Ikrama ya raɗa mata.

"Tsaya..."

Sai suka ji wani sauti da Hikma ba ta taɓa ji daga bakin mahaifiyarta ba, ko ranar jana'iza. Kuka ne mai fitowa daga can ƙasan ciki. Bayansa kuma kira ɗaya, da ƙarfi:

"Sumana!"

Dattijon ya miƙe da ƙyar, ya ɗauko wata tsohuwar jaka a gindin bango, ya ɗingisa ya shiga. Suka bi shi.

Mma na zaune dirshan a ƙasa, tafinta a cikin sawun.

"Wannan daga ina?" ta ce. "Ka gaya mini gaskiya, ko in tara maka jama'a!"

Sumana ya durƙusa nesa da ita. Ya buɗe jakar ya fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle. Ya warware a hankali.

Hannu ne. Hannun siminti, na hagu, mai yatsu huɗu, har da layukan tafi da tabon da ke gindin babban yatsa.

Hikma ta toshe baki.

"Da na warke na tashi," in ji Sumana, idonsa a ƙasa, "na kasa riƙe cokali. In na ɗora bulo sai in ji ba wanda zai ce mini ya yi ko bai yi ba. Sai na koma wani gida da muka gina tare, na roƙi masu gidan, na shafa mai a sawun hannunsa na zuba siminti. Wannan ya fito. Tun daga nan, in na gama gida, nakan zagaya shi yadda yake zagayawa. In babu abin da zai zage ni a kai, sai in danna masa."

"Kai ka ba kanka izinin sa hannun mijina?"

"Ba ni ke yanke hukunci ba, uwar gida." Ya ɗago ido a karon farko. "Ba kowane gida yake karɓa ba. Akwai wanda na danna, ya fito tsaf, na juya na wanke kaya, na dawo na tarar wurin sumul kamar ba a taɓa ba. Na bi ginin kusurwa-kusurwa, sai ga ginshiƙi ɗaya da yara suka ha'ince ni a kwaɓinsa. Na fasa na sake. Sannan ya zauna."

Ikrama ya sunkuyo kusa da kunnen Hikma. "Ruwa ne ya yi yawa a kwaɓin, shi ya sa ya..."

"Na sani, ɗana," in ji Sumana ba tare da ya waigo ba. "Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan."



Mma ta miƙa hannu. Sumana ya rarrafa ya ɗora mata shi da hannu biyu. Ta riƙe shi kamar jariri, sannan ta zura yatsunta a tsakanin yatsun simintin, ɗaya bayan ɗaya, har suka sarƙe. Ƙaramin yatsanta ya sauka a kan dungun, yadda ya saba.

Ta zabura kaɗan. "Da ɗumi."

"Kullum haka yake," in ji Sumana.

Babu wanda ya ce rana ce ta doki jakar. Ko Ikrama bai ce ba.

Mma ta rufe ido, hawaye na bin kumatunta. "Shekara da shekaru ina son in tambaye ka abu ɗaya, na kasa kallon fuskarka. Da ya koma ya same ka, ya yi magana?"

"Ya yi."

"Me ya ce?"

Dattijon ya share fuska. "Ya ɗaga katakon da ya danne mini ƙafa, ya ce, 'Tashi, rago, akwai sauran aiki.' Ya tura ni waje. Ban ƙara jin muryarsa ba."

Wata dariya ta kuɓuce wa Mma a tsakiyar kuka. "Shi ne. Wallahi shi ne! Ko ni haka yake ce mini in na makara."

"Ki tafi da shi, uwar gida," in ji Sumana. "Naki ne. Na daɗe ina son in kawo miki, ƙafata ta kasa taka ƙofarki."

Mma ta manna hannun a kumatunta. Hikma ta tabbata ba za ta sake shi ba. Wa zai ga laifinta? Sai ga shi ta ɗauki farin ƙyallen ta naɗe shi da kanta, ta ƙulle bakin, ta miƙa wa Sumana.

"Ka ji abin da ya ce. Akwai sauran aiki."

Sumana ya kifa kansa a kan ƙullin ya fashe da kuka.

Mma ta dafa kafaɗar Hikma ta miƙe. A karon farko tun da aka fara yawon duba gidaje, ta ɗaga kai ta kalli rufi, ta shafa bango, ta je taga ta tsaya iska na kaɗa mayafinta.

"Ikrama."

"Na'am, Mma!"

"Gidan nan da gaske ba ya shan wuta, ko surutunka ne?"

"Wallahi da gaske, Mma. Ko fanka sai in an ga dama."

"To ka gaya wa mahaifinka ya bar goronsa inda yake. Ya turo manya a sa rana." Ta harare shi. "Kuma in ka ƙara doka hula a gaban shagona, sai na sa ka cinye ta."

Bayan Sallah aka kai amarya. Da ƴan rakiya suka watse da la'asar, Hikma ta ɗaga lulluɓinta, ƙofar falon ta taho a hankali ta rufe kanta. Wannan karon ba ta firgita ba.

A gefen hannun mai yatsu huɗu an sare daɓen kaɗan an cika da ɗanyen siminti, daidai faɗin tafi.

"Baba Sumana ne ya zuba kafin ku iso," in ji Ikrama. "Mma ta sa shi."

Hikma ta durƙusa cikin kayan amarcinta, ta naɗe hannun riga, ta danna tafinta mai jan lalle a ciki. Da ta ɗaga, ba ta tashi ba. Ta zauna tana kallon wurin.

"Zuciyata, me kike jira?"

"Shiii... ina so in ga ko zai zauna."

Ikrama ya buɗe baki zai yi bayanin kwaɓi, sai ya fasa. Ya zauna a ƙasa kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. Gidan na numfashi a kansu, rana na sauka ta tagar falo, su biyu suna kallon ƙaramin hannu a gefen babba.

Sawun hannunta ya zauna.